Maganin Farfaɗiya Ne Ya Kwantar Min da Ciwon Fuska

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a cikin garin Sakkwato, shekaruna sun haura hamsin, kuma tun hunturun 2017 nake ɗauke da wani ciwo a ɓarin fuskata na dama. Har yau bai rabu da ni ba, sai dai an gano abin da ke danne shi, alhamdu lillahi. Na yi niyyar ba da labarin ne saboda na san a yanzu haka akwai masu irin ciwona da ake cire musu haƙora lafiyayyu, ana kuma ɗura musu ƙwayoyin da ba su da haɗi da abin da ke damunsu.

Ciwon ba mai zugi ba ne, irin wanda mutum zai kwana da shi ya tashi da shi. Fizga yake yi. Yakan taso daga gefen hanci, ya bi leɓen sama da dasashi, ya haura kunci har ƙasan ido, tamkar an ɗora min wayar lantarki mai wuta. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, in ya daɗe ya yi minti ɗaya ko biyu, sai ya saki. Tsakanin wata fizga da wata lafiyata ƙalau, wanda ya shigo a lokacin ba zai yarda akwai abin da ke damuna ba. Wannan ma ya ja min magana, don akwai waɗanda suka ɗauka raki ne, wasu kuma suka ce ƙiwuyar aiki ce.

Abubuwan da ke tayar da shi su suka fi ba ni tsoro, domin duk ba a bakin komai suke ba. Iskar asuba, bakin hijabi in ya gogi kunci, asuwaki, tauna, dariya, hamma, magana. In na danne wurin da tafin hannu da ƙarfi bai cika tashi ba, amma jikata ta shafa min fuska da ɗan yatsanta sai na durƙushe. Alwala ta zama abin da nake shirya wa tun kafin a kira salla: a ɗumama ruwa, in tsaya in tara ƙarfin zuciya, sannan in kai hannu. Wani malami ya ce min ai addini ya sauƙaƙa, in yi taimama, na ce Allah ya gafarta Malam, ita ma taimamar fuska ake shafawa.

Aikina kuwa magana ce daga safe har azahar. Na koma rubuta darasi a allo, monita ya karanta, ni ina nuni da sanda. Kabu-kabun da nake hawa daga Mabera na bar shi saboda iska, na koma Keke Napep ina roƙon a bar ni a tsakiya. Da bazara ta shigo kuma, wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san abin da ake nufi in an ce mutum ba zai zauna gaban fanka ba, ba zai kurɓi ruwan ƙanƙara ba. Kowa na tsakar gida yana shan iskar dare, ni ina ɗaki na rufe taga. Abinci ya koma kunu da fura, su ma ta gefen hagu nake bi da su. Goro, wanda ya zame min jiki tun ina amarya, na bar shi ba tare da kowa ya yi min wa'azi ba. Na rame har ana tambayar maigidana ko ciwon suga ne.

Kowa ya ji bayanina sai ya ce haƙori, ni ma haka na ɗauka, don a dasashi nake jin ƙarfin abin. Aka yi kanumfari, aka yi ruwan gishiri. A wani asibitin kuɗi aka duba bakin, aka ƙwanƙwasa haƙoran sama, na zabura, aka ce ga shi nan, aka cire. Ciwon ya yi shiru na ɗan lokaci, muka yi murna. Da ya dawo sai aka ce ai na kusa da shi ne ya kamu, shi ma aka cire. Giɓin yana nan har gobe, ciwon kuwa bai ma san an yi ba.

Daga nan sai zaryar kemis. Panadol, sannan ibufurofen, sannan dikilofenak na sha da na allura. Ƙa'idar da ake bi a unguwa ita ce in ƙarami bai yi ba a ba da babba, in ɗaya bai yi ba a haɗa kala-kala a ƙulle a leda. Ba su rage min komai a fuska ba, sai cikina da ya fara ƙuna da dare har aka ce gyambon ciki ya kama ni. Daga baya na gane dalili. Ibufurofen da dikilofenak a kan kumburi da rauni suke aiki: gwiwar da ta kumbura, targaɗe, haƙorin da ya ruɓe da gaske. Ni kuwa babu abin da ya kumbura a fuskata. In an daɗe ana shansu kuma suna cin bangon ciki, suna wahalar da ƙoda, suna ɗaga hawan jini, wanda da ma ina da shi.

Sai aka kai ga tiramol. Lokacin ƙasa ta ɗauki zafi a kan maganar ƙwaya. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kuma kullum sai ka ji ta kama tiramol mai miligiram 225, alhali 50 da 100 ne hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta amince da su. Don haka dattijuwa da hijabinta ta tsaya gaban kanta ta ce a ba ta tiramol, sai an bi ta da kallo. Ɗana nake aika, shi ma ya dawo yana ƙunƙuni wai ana yi masa kallon ɗan ƙwaya. Da ya yi aiki da mun jure kallon. Abin da ya yi min kawai barci, tashin zuciya da taurin bayan gida. Ina cikin magagi fizgar za ta zo da ƙarfinta yadda ta saba. Ciwon da ke zuwa ya wuce cikin daƙiƙoƙi, ina amfanin haɗiye masa ƙwaya bayan ya taso? Kafin ta narke ya gama abin da ya kawo shi.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan ciwo da ta fi komai ɓata mana lokaci: yana tafiya hutu don kansa. Sai ya yi makonni, wani zubin watanni, bai taɓa ni ba, sannan ya dawo ba sallama. To duk abin da aka yi min dab da tafiyarsa shi ke kwashe yabo. An yi min ƙaho a ƙeya, ya lafa, aka ce wanzami ya iya aiki. Ya dawo. An kawo hayaƙi daga ƙauye, ya lafa, aka ce da ma iska ce. Ya dawo. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, tun farko ta yanke nata hukuncin: "Wanga ba ciwon asibiti ba na. Mutum shina zaune lahiya a mare shi, ba a ga mai hannu ba? Ku nemi malam." Ban ga laifinta ba. Wanda ya ga mace tana cikin magana ta ƙame, ta dafe kunci, hawaye na zuba, bayan minti guda ta ci gaba da zancenta, me zai ce in ba shafar aljani ba? Na sha rubutu, an yi min ruƙiya, kuma har yau ban bar azkar da addu'o'ina ba, su suka riƙe min zuciya a lokacin da na fara jin rayuwar ta ishe ni. Abin da na ƙi shi ne maganar da aka so a ɗora wa wata abokiyar aikina, wai ita ta yi min jifa saboda kujerar mataimakiyar hedimasta. Baiwar Allah, ita ce ke barin nata ajin ta riƙe min nawa in abin ya taso.

A ƙarshen 2019 ya dawo da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Maigidana ya ce mu tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cire abin da ya rage a wannan gefen kowa ya huta. Likitan haƙorin da muka samu yaro ne, sa'an ɗana na fari. Ya ɗauki hoton baki, ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye kayan aikinsa ya jawo kujera.

"Mama, in ya taso, minti nawa yake yi?"

Na ɗaga masa yatsa ɗaya, don ranar ko buɗe baki ba na iyawa.

"Yana tashinki daga barci?"

Na girgiza kai. Sai da ya tambaya na lura: in dai barci ya ɗauke ni, da wuya ciwon ya tashe ni. Ya ɗauko auduga, ya ce in yi haƙuri, ya shafa gefen hancina. Na ƙwalla ƙara. Ya dubi maigidana ya ce, "Alhaji, haƙoran Mama lafiyarsu lau. Ko duka aka cire ba zai daina ba. Jijiya ce." Ya rubuta mana takarda zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Can aka faɗa mana sunan abin, tirajeminal niraljiya, wato ciwon jijiyar fuska. Na sa 'yata ta rubuta bayanin da likita ya yi. A kowane ɓari na kai akwai jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ta biyar ɗinsu ita ke kai rahoton duk abin da fuska ta ji. Reshe uku gare ta: na goshi da ido, na kunci da muƙamuƙin sama, da na muƙamuƙin ƙasa. Nawa na tsakiyar ne, shi ya sa yake yi wa mutane kama da ciwon haƙoran sama. A mafi yawan masu ciwon, wata jijiyar jini ce ke kwanciya a kan tushen wannan jijiya can cikin kai, tana bugunta da kowane bugun zuciya har rigar da ta lulluɓe ta ta goge. Daga nan shafa kaɗan sai ta isa ƙwaƙwalwa a matsayin azaba. Ya ce ya fi kama mata, ya fi zuwa bayan shekara 50, ya fi kuma yawa a ɓarin dama. Aka tura ni hoton MRI don a tabbatar ba ƙari ba ne ke danne jijiyar, domin a wasu ƙalilan shi ne sanadi. Ba a ga ƙari ba.

Sai ya rubuta magani, kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol, ya ce kafin in je famasi in saurare shi. "Hajiya, za ki ji an ce maganin farfaɗiya ne. Gaskiya ne, amma ke ba farfaɗiya gare ki ba. Aikinsa hana jijiya harba saƙo barkatai, ko a ƙwaƙwalwa take ko a fuska." Ya ce tun farkon shekarun 1960 ake ba da shi a kan wannan ciwo, kuma har yanzu da shi ake farawa. Kullum ake shansa a kan lokaci, da ciwo da babu, don ya zauna a jini. Ya fara min da miligiram 100, ya ce za a riƙa ƙarawa a hankali. Tiramol kuwa ya ce a janye shi sannu-sannu tunda jiki ya riga ya saba. Sannan ya ja kunnen 'yata a kan abu ɗaya: in ta ga ƙuraje sun feso min, ko baki ya fashe, ko ido ya yi ja da zazzaɓi, kada a jira ranar asibiti, a kawo ni nan take, domin akwai waɗanda maganin ke saɓule wa fata, kuma a makonnin farko abin ya fi faruwa.

Kafin mako ya zagayo fizgar ta ragu ƙwarai. Na wanke fuska da hannu biyu, na ci tuwo da nama, na yi wa yara faɗa da muryata.

Aikin da ya rage, wanda ya fi ɗaukarmu lokaci, shi ne na awo. Bayan 'yan makonni ciwon ya fara leƙowa, na ce shi ke nan, wannan ma ya bi sahun sauran. Likita ya ce da ma yana jiran haka: maganin yana sa hanta ta ƙara saurin narka shi kansa, don haka awon da ya isa a farko ba ya isa bayan wata guda. Aka ƙara. Ciwo ya kwanta, jiri ya tashi. Ina rubutu a allo sai in ga layi ya rabu biyu, in zan miƙe daga sujada sai na dafa bango. Aka rage, ciwo ya leƙo. Tsakanin awon da ke kashe ciwon da wanda ke kayar da ni, tazarar 'yar kaɗan ce, kuma babu injin da zai nuna ta, sai an yi ta gwadawa a jikin mutum. Abin da ya taimaka shi ne littafin rubutu irin na 'yan makaranta da ya sa na riƙe, ina rubuta lokacin da na sha, lokacin da abin ya taso, da abin da nake yi a sa'ilin. A ciki muka ga jirin ya fi tsanani 'yan awoyi bayan na safe, sai ya mayar da kaso mafi yawa dare. Daga baya ya canza min zuwa irin wanda ke narkewa a hankali, sau biyu a rana. Wannan ya warware min matsalar azumi ma, ɗaya da sahur, ɗaya da buɗa baki.

Wata bazara kuma sai ga wata irin kasala, ciwon kai da mantuwa, har na tsaya gaban aji na rasa sunan yaron da na san uwarsa da kakarsa. Gwajin jini ya nuna gishirin jikina ya yi ƙasa. Kabamazafin yana yin haka, ashe ƙwayar hawan jinin da nake sha, mai sa fitsari, ita ma tana yi, sai su biyun suka haɗu a kaina. Aka canza min maganin hawan jinin. Na tambaye shi game da wani ɗan'uwan maganin, okskabazafin, da na ji an ce jirinsa bai kai haka ba. Ya ce gaskiya ne, amma ya fi wannan zubar da gishiri, bai dace da ni ba. Sai ya rage kabamazafin ya haɗa min da gabafentin kaɗan da dare. A kan wannan haɗin nake har yau. Tun daga lokacin duk asibitin da zan je, ko na ido ne, da ledar magungunana gaba ɗaya nake zuwa in zube a tebur. Gwajin gishiri, hanta da ƙwayoyin jini kuma ya zame min ƙa'ida lokaci-lokaci.

Maganar da likita ya hango ta zo a lokacin da ba na so. Ana shirin bikin 'yata, gida cike da mutane, wata daga dangin ango ta ga kwalin a gaban madubi. Tana da ɗa mai kemis. Kafin a kawo lefe magana ta zaga cewa uwar amarya farfaɗiya gare ta, wasu suka ƙara da cewa ai a asibitin masu taɓin hankali na Kware ake ba da irinsa. Wannan ma ba ƙarya ba ne, ana ba masu wata larurar ƙwaƙwalwa. Aka turo gwaggon yaro ta zo bincike cikin dabara, wai gaisuwa. Maigidana bai yi dogon zance ba, ya ɗauko takardar asibiti ya miƙa mata. "Gwaggo, ga ta nan, ku kai ma wanda kunka yarda da shi shi karanta muku. In ma farfaɗiyar ta, sai mi? Ciwo na, ba abin kunya ba." An ɗaura aure lafiya. Amma abin ya tsaya min a rai. Na koyar da yara masu farfaɗiya, na ga yadda ake watsewa a bar yaro a ƙasa wai kada a taɓa yawunsa, alhali ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Ni kwali kawai aka gani aka fara ja da baya, ina ga wanda ke faɗuwa a bainar jama'a? Yanzu in yaro ya faɗi a makarantarmu ni ce ta farko a kansa, in juya shi gefe, in hana a cusa masa cokali a baki.

Akwai abin da zan faɗa wa mata masu sauran haihuwa, don ni ciwon ya same ni bayan na gama. Tun ranar farko likita ya tambaye ni wannan, saboda maganin yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar fata, yana kuma iya taɓa lakar jariri a farkon ciki. Ba irin maganin da ake cewa "ungo nawa ki gwada" ba ne. Wata maƙwabciyata ta zo da kuncinta a dafe ta ce in sam mata, tunda ta ga ya yi min. Na hana ta, ta yi fushi, wai rowa nake yi. Na ja ta muka je asibiti. Nata haƙori ne na gaske, rami ne a turmi, aka cike mata ta warke.

Kuɗi ma nasu labarin. Daga 2023, da aka cire tallafin mai darajar naira ta faɗi, duk maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada, albashin malamar firamare kuwa kowa ya san shi. Da sanin likita na koma na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ina kuma ƙoƙarin tsayawa a kan kamfani ɗaya don kada awon ya riƙa rawa. Ba a yanke shansa rana ɗaya, saboda haka in albashi ya shigo shi nake fara saye kafin shinkafa, in adana shi inda laima ba ta kai wa, don danshi na rage masa ƙarfi.

Har yanzu ciwon yana tafiya hutunsa. In ya daɗe bai zo ba likita ya rage awo, in hunturu ya gabato mu ƙara tun kafin iska ta fara. A zuwana na baya ya sake ɗauko maganar aiki. Akwai tiyatar da ake buɗe ƙashin bayan kunne, a ɗaga jijiyar jinin daga kan ta fuskar, a sa wani ɗan soso a tsakaninsu, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna rabuwa da ciwon na shekaru masu yawa. Tana da nata haɗarin, har da raunin ji a kunnen wannan ɓarin. Asibitin koyarwa na nan Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, ya ce in na shirya zai haɗa ni da su, su duba hotona su faɗi ko na dace. 'Ya'yana sun rabu biyu, mazan na cewa a yi, matan sun fara kuka tun ba a je ko'ina ba. Maigidana ya ce kaina ne, ni zan faɗa. Na ce wa likita a bar ni a kan ƙwayar muddin tana riƙe ni, jinin kuma yana fitowa daidai. Ranar da awo ya kai maƙura ciwon bai ji ba, zan karɓi takardar in Allah ya so. Ya rubuta hakan a fayil, ya ce in dawo a watan Nuwamba da sakamakon gwajin gishiri a hannuna.